Babin da Baba Allura Ya Ɗinka a Baibai

A layin da ke bayan tashar mota, tsakanin shagon mai gyaran agogo da na mai sayar da fenti, akwai wani ɗan shago wanda in mutum ya miƙa hannuwansa biyu zai taɓa bango da bango. Nan Baba Allura ya yi shekara talatin da tara yana ɗinkin littattafai. Babu irin wanda ba a kawo masa: ƙamus ɗin da yara suka yi wa kaca-kaca, kundin ɗaliban jami'a, rajistar asibiti da ruwa ya jiƙa. Sai ya farke tsohon ɗinki, ya jera takardun, ya shafa wa zare kaki, ya ɗinka, ya sa gam, ya yi bango, sannan ya danne da ƙarfen matsi ya bar shi ya kwana. Laƙabin ya samo shi ne daga allurar da kullum take soke a wuyan rigarsa. Matarsa ta sha faɗa masa cewa wata rana sai ya tsire jika wajen runguma, amma ko gezau.

Abu biyu yake taƙama da su a duniya, kuma ba ya ɓoyewa. Na farko, tun da ya kama sana'ar nan littafi bai taɓa fita daga hannunsa da shafi ɗaya a inda ba muhallinsa ba. Na biyu kuwa, Mutuminsa.

Mutumin nasa wani marubuci ne Bature ɗan Ingila, wanda ya mutu tun kafin a haifi kakan Baba Allura. Ba ya ma kiran sunansa, sai dai ka ji ya ce, "Ai Mutumina ya riga ya faɗa," kamar jiya suka rabu a bakin shago. Haɗuwarsu kuwa ta wajen aiki ce. A shekarar da ya buɗe shagon, yana ɗan shekara ashirin da huɗu, wani tsohon malamin makaranta ya kawo masa littafi a ƙunshe cikin jarida. Kiransa littafi ma kara ce aka yi masa. Tarin takardu ne kawai, ba bango, ba shafin da ke jera babuka, gara ta cinye gindin takardun kaf ta tafi da lambobin shafi. Babukan kuma ba su da lamba, take ne kawai a saman kowanne. Malamin ya ce zai dawo bayan sati biyu. Bai dawo ba, daga baya aka ji ya koma wurin 'yarsa a wani gari, can Allah ya yi masa rasuwa.

Da wani mai ɗinkin ne, da sai ya tattara ya ɗinka yadda suka zo, tun da mai shi ba ya nan. Baba Allura ba haka yake ba. Karatunsa a aji biyu na sakandare ya tsaya, Turancinsa na karanta allon kan hanya ne, amma ya jawo wani ƙamus da aka kawo gyara, ya zauna yana bin takardun ɗaya bayan ɗaya. Inda jimla ta katse a ƙasan wannan, sai ya nemo wadda ta ci gaba da ita a saman waccan. A cikin babi abin bai yi wuya ba. Tsakanin babi da babi ne sai dai ya bi ma'anar labarin. Wata uku ya ɗauka. Ya shiga ne don neman inda jimla ta katse, sai ya tsinci kansa yana ƙyalƙyala dariya shi kaɗai, har mai gyaran agogo ya leƙo ya tambaye shi ko lafiya.

Labarin wani tsohon attajiri ne mai kaifin baki, da danginsa da suka kewaye shi suna masa fatan tsawon rai da baki, suna ƙirga kwanakinsa da zuci. A bayan littafin kuma akwai gajerun waƙoƙi ashirin da biyu. Baba Allura ya haddace tara daga ciki. Wadda ya fi so ita ce ta makokin wata hula da gwaggon amarya ta zauna a kai ranar biki. Marubucin ya yi wa hular kuka da irin nauyin kalmomin da ake yi wa jarumin da ya faɗi a yaƙi, bai yi murmushi ko sau ɗaya ba har baitin ƙarshe. Abin da ya kama zuciyar Baba Allura ke nan.

"Mutumina ba ya ɗaga murya," in ji shi. "Zai yi ta yabonka, kai kana jin daɗi, sai a kalmar ƙarshe ya janye kujerar. Kuma ko kana ƙasa ba za ka iya jin haushinsa ba, don ka san gaskiya ya faɗa."

Amma duk wannan somin-taɓi ne. Babban abin alfaharinsa yana tsakiyar littafin. A can tsohon attajirin ya mutu, aka yi jana'iza, dangi suka jeru kowa ya yi jawabi. Ɗan wansa ya ce marigayin ne ya koya masa haƙuri. Ƙanwarsa ta ce gidan ba zai ƙara zama kamar da ba, tana magana tana auna labulen taga da ido. Sai a juya shafi, sabon babi: ga tsohon nan zaune garau a teburin cin abinci, yana ƙorafin miya ta yi sanyi. Babu wanda ya firgita, babu wanda ya ce masa sannu da dawowa. Can sai ya miƙe ba tare da wani bayani ba, ya dafa ƙirji, ya kwaikwayi muryar kowannensu, ya maimaita jawabin jana'izar nan kalma da kalma, har da inda ƙanwar ta fito da hankici. Da ya gama ya hau bene, ya ce kada kowa ya tashe shi.

"Ka ga gwaninta?" Baba Allura zai ce, yana buga teburi. "Ya kashe mutum, ya dawo da shi, danginsa ba su ma lura ba, don da ransa da mutuwarsa duk ɗaya ne a wurinsu!"

Duk layin an san labarin nan. Mai Agogo, wanda suka tsufa tare bango ɗaya, in ya ga ya ɗauko littafin sai ya ce, "To, yau ma fatalwar taka za ta ci abinci?" Amma fa yakan ajiye aikinsa ya saurara, kuma yakan yi dariya a daidai inda ya yi bara.

'Ya'yansa huɗu ne, uku sun ɗauki labarin a matsayin larurar uba da ake haƙuri da ita. Auta ce ta bambanta. A ƙarƙashin teburin shagon ta girma, kuma a littafin nan ta koyi Turanci kafin makaranta ta koya mata. Yau ita ce malamar adabi a kwalejin horar da malamai, kuma in Baba Allura zai faɗi haka sai ya gyara zama tukuna. Ita ce ta zo ta ce littafin Mutuminsa yana cikin waɗanda take koyarwa bana ma, tana so ranar Alhamis ya zo ya yi wa ɗalibanta magana a kansa. Bakinsa har kunne. Kafin la'asar babu wanda bai ji ba, tun daga mai fenti har masu lodin mota a tasha.

Ranar Litinin ta biyo ta shago da wani ƙunshi. Sabon bugu ne na littafin, fes.

"Baba, ka ɗan duba wannan kafin Alhamis," ta ce. "Rubutunsa ya fi girma, idonka zai huta."

Tana maganar tana kallon ƙarfen matsi, ba ta kalle shi ba. Bai kawo komai a ransa ba.

Da safiyar Talata ya buɗe shi. Da farko ya duba ƙashin bayan littafin, ya ja tsaki, don gam ne zalla babu zare ko ɗaya, aikin 'yan zamani. Sannan ya juya ya ga abin da bai taɓa gani ba a rayuwarsa, wato shafin da ke jera babukan. Ya bi da yatsa yana gaisawa da su kamar tsofaffin abokai. Da ya zo tsakiya sai yatsan ya tsaya. Babin cin abinci shi ne na goma sha huɗu. Na jana'iza shi ne na goma sha biyar.

"Kai, maɗaba'un yanzu," ya ce, "ko jera babi ba su iya ba."

Ya buɗe ciki don ya kama su dumu-dumu. Tsohon ya hau bene a shafi na ɗari biyu da goma sha biyu. Jana'izarsa ta fara a na ɗari biyu da goma sha uku. Lambobin nan da gara ta hana shi gani suna nan a jere, ba su san wasa ba. Ashe babu wata fatalwa. Tsohon da ransa ya yi wa danginsa kwaikwayon abin da za su faɗa, ya hau ya kwanta, ya mutu, su kuma suka je suka faɗa. Babukan biyu kowanne a sabuwar takarda ya fara, a ƙarshen takarda ya ƙare, shi ya sa babu jimlar da ta katse da za ta tona asiri. Wani saurayi ɗan shekara ashirin da huɗu ne ya sa na baya a gaba, ya ɗinke da zare mai kaki, ɗinkin da har yau bai motsa ba.

Abubuwan taƙamarsa guda biyu, ashe a zare ɗaya suke rataye, kuma ga shi ya tsinke. Ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai yi ba ko ranar da aka cire masa haƙori.

Matarsa tana shanya ta ga ya shigo. Ya zauna a kan benci ya gaya mata komai.

"To sai me, Baban Auta?" ta ce. "An mutu ne?"

"An mutu mana! Ni na binne bawan Allah da ransa, na kuma tono shi na zaunar da shi cin abinci. Shekara talatin da tara ina yabon mutum a kan aikin da ni na ɓata."

Dariya ta kuɓuce mata, har da riƙe igiyar shanya. Da ta dubi fuskarsa sai ta haɗiye sauran, ta je ta kawo masa ruwa.

Mai Agogo ya biyo sawu don ya ga shago a rufe. Shi shawararsa gajeriya ce.

"Farke ka sake ɗinkawa, mutumina. Aikin awa biyu ne a wurinka. Ranar Alhamis ka je ka ba da labarin daidai, wa zai sani?"

"Kai za ka sani. Duk layin nan za su sani."

"Mu ai namu mai sauƙi ne, ka ce tsufa ne ya sa muka ji ba daidai ba."

Gaskiya Baba Allura ya ɗauki wuƙar farke ɗinki a safiyar Laraba. Ya ɗora bakinta a kan zaren, sai ya tuna yadda Auta ta kalli ƙarfen matsi. Ya ajiye wuƙar, ya kira ta a waya ya ce ta biyo in ta tashi aiki.

Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa kamar mai laifi. Littattafan biyu suna kan teburi a buɗe.

"Tun yaushe kika sani?" ya tambaya.

"Tun shekarata ta farko a jami'a, Baba."

Ya lissafa a ransa. Shekara goma sha ɗaya.

"Ya aka yi?"

"Malaminmu ya tambaya wa ya taɓa karanta littafin. Na ɗaga hannu da ƙarfina, na miƙe na ba da labarin fatalwa tiryan-tiryan, har da buga teburi irin naka." Ta yi ɗan murmushi. "Aji ya ɗauka da dariya. Har muka gama jami'a wasu Fatalwa suke kirana."

Wannan ya fi lambobin shafin yi masa ciwo. Kuskurensa bai tsaya a shago ba ke nan, ya bi 'yarsa har cikin mutane ya kunyata ta, ita kuma ta haɗiye.

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Na zo da niyyar faɗa maka. Na tarar kana ba Baba Mai Agogo labarin, kana share hawaye don dariya. Sai na kasa."

"To don me kika gayyace ni, kin san haka?"

"Don ban san wanda ya kai ka son littafin nan ba, har cikin waɗanda suka koyar da ni. Amma ba zan bari a yi maka abin da aka yi mini ba, shi ya sa na kawo sabon." Ta matso. "Baba, ka yi magana a kan waƙoƙin kawai. Ka karanta musu ta hular nan, za su ji daɗi. Babu wanda zai tambaye ka babi na goma sha huɗu."

Ya ce ta je, zai yi tunani. Da ta tafi ya jawo kujera bakin ƙofa inda haske yake, ya sa tabarau, ya karanta babukan biyu yadda mai su ya jera su. Ya karanta sau ɗaya da fushi. Ya sake karantawa a hankali. A karo na uku, kusa da ƙarshen babin cin abinci, ya tsaya a kan wani layi ya daɗe, har mai fenti ya wuce ya yi masa sallama bai ji ba.

Ranar Alhamis ya sa rigarsa mai kyau, matarsa ta cire allurar da hannunta. Ajin babba ne, ɗalibai sun haura arba'in, fanka ɗaya tana juyawa da ƙyar. Auta ta gabatar da shi, ta koma gefen allo ta tsaya. Ya ajiye littattafan biyu a kan teburi, tsoho da sabo.

"Ni ba malami ba ne," ya ce, "mai ɗinkin littafi ne. Kuma kafin in ce komai, bari in nuna muku aikin da na ɓata."

Auta ta runtse ido. Shi kuwa ya ba su labarin tun daga ƙunshin jarida, da gara, da ƙamus ɗin aro, da fatalwar da ya yi shekara talatin da tara yana ciyarwa. Ya kwaikwayi kansa yana buga teburi. Ajin ya fashe da dariya, ya tsaya ya bar su suka yi mai isarsu, don shi ma yanzu ya ga abin dariyar. Bai ambaci abin da ya sami Auta a jami'a ba, wannan ba nasa ba ne da zai bayar.

Wani ɗalibi mai tabarau daga baya ya ɗaga hannu.

"Baba, ni fa wallahi naka ya fi burge ni. Matacce ya dawo ya ci abinci ba wanda ya kula, ai wannan ya fi na marubucin."

Wasu suka ce haka ne. Ga ƙofa an buɗe masa, da ya so da ya shige da kansa a sama. Ya girgiza kai.

"A'a, ɗana. Na gode, amma kada ka rage wa Mutumina. Matacce in ya dawo ya maimaita abin da aka faɗa a kansa, me ya yi? Laɓe kawai ya yi ya ji, kowa zai iya. Wannan tsohon kuwa da ransa yake. Ya san danginsa ciki da bai, ya san abin da kowa zai faɗa ranar da ba ya nan, har inda hankici zai fito. To ku buɗe ƙarshen babin."

Aka ji ƙarar takardu.

"Kafin ya hau bene, me ya yi? Ya ɗauki cokali ya ƙara wa ƙanwar tasa nama a faranti, don ya lura ba ta ci sosai ba. Layi ɗaya ne tak. Na karanta shi ya fi sau ɗari ban taɓa tsayawa ba, don me ya haɗa fatalwa da farantin wani? Sai jiya na gani. Ya san su sarai, ya san tana auna labulensa, kuma bai fasa ciyar da ita ba. Nawa babin, ka yi dariya ka wuce. Nasa kuwa, ka yi dariya ka gama, sai ka ji kana so ka je ka gaida 'yar'uwarka. Wannan ni ban isa in ɗinka shi ba ko da kuskure."

Auta tana riƙe da nata littafin a buɗe, tana kallon layin.

"Shekara bakwai ina koyar da babin nan," ta ce, ba ta ɗago ba, "ban taɓa ganin farantin nan ba."

Ta ɗauki alli ta juya ga allo, ta fara rubuta abin da ya faɗa. Hannunta yana sauri, ta goge ido da bayan hannu sau ɗaya ta ci gaba. A ƙasa ta ja layi ta rubuta da manyan baƙaƙe: in ji mahaifina, mai ɗinkin littafi. Kawuna arba'in da wani abu suka sunkuya, alƙaluma suka kama aiki. Baba Allura ya tsaya yana kallonsu, bai san inda zai sa hannuwansa ba. Daɗi ya cika shi.

Wata ɗaliba a layin gaba ta ɗago kai.

"Malam, don Allah a ɗan maimaita daga wurin farantin, ban gama rubutawa ba."

Ya waiga bayansa ya ga ko da wani take. Da shi take. Ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya, ya maimaita mata a hankali.